Kafin a Yabi Waya Mai Naɗewa, a Zo Teburina Lokacin Hunturu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka.

Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Shekarata 16 a kan tebur, tun ina yaron shago da ake ba wa burushi da sifirit a ce ya wanke injin da ya sha ruwa. Kwanakin baya na karanta abin da kuka buga a kan sababbin na'urori: waya mai naɗewa, talabijin da ake hango abin da ke bayanta kamar taga, da tabarau mai nuna rubutu a gaban ido. Wanda ya rubuta ya yi ƙoƙari, ban raina masa ba. Sai dai ya tsaya ne inda masu talla suke tsayawa, wato ranar da aka yage ledar kwali. Mu kuwa aikinmu sai bayan wata shida ko shekara yake farawa, ranar da mai kaya ya iso da fuska a murtuke.

A hunturun bara wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo mini wayarsa, irin wadda ake buɗewa kamar littafi. Daga Dubai ya taho da ita. Baƙin layi ya tsaga sikirin ɗin ciki daga sama har ƙasa, daidai wurin naɗin, kuma ɓangaren dama ya daina jin yatsa. Ya rantse bai taɓa yar da ita ba. Na yarda da shi, don babu ko ƙwarzane a jikinta, rigarta ma ta fata ce mai kyau. Da na sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma na buɗe gefen hinjin, wato maƙallin da wayar take naɗewa a kansa, sai ga jar ƙurar nan tamu mai laushi kamar garin lalle ta yi dam a ciki, ta haɗu da zaren aljihu da ɗan ɓurɓushin goro. Wani ƙwayar yashi ya samu hanya ya shige ta bayan sikirin. Ka san yadda tsakuwa take yi in ta shiga ƙarƙashin tabarma? To haka. Duk rufewa da buɗewa tana tokarar sikirin daga ciki, har ta huda shi.

Na kira wanda yake kawo mana kaya daga Sin na tambayi farashi, na gaya wa Alhaji. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, “Kai yaro, sikirin na ce maka, ba sabuwar waya ba.” Na ce, “Ranka ya daɗe, kuɗin sikirin ɗin ke nan, ban ma sa aikina ba.” Kuɗin ya isa ya sayi wayoyi biyu masu kyau a layin da ke bayana, ya ba wa yaransa.

Wannan ciwo tun haihuwa aka zo da shi. A Afrilun 2019, Samsung ya raba wa 'yan jarida Galaxy Fold na farko su gwada kafin a kai kasuwa. Cikin kwana biyu wasu suka lalace. Wasu 'yan jaridar sun ɓare wata leda da ke saman sikirin suna zaton irin wadda ake cirewa ce a sabuwar waya, ashe tana cikin ginin sikirin ɗin. Wani kuma datti ne ya shiga ta hinji ya tokaro daga baya, irin na Alhajina sak. Dole aka ɗage sayarwa zuwa Satumba, kuma farashin dala 1,980. A ofisoshin Amurka masu na'urar sanyaya ɗaki aka yi wannan fa, ba a Kofar Ruwa ba.

An samu ci gaba tun daga nan, ba zan yi ƙarya ba. Amma ina so masu karatu su koyi duba wata lamba da ake rubutawa a kwali, mai farawa da IP. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. In ka ga IP68, ƙura ba ta shiga kuma tana jure nutsewa. In ka ga IPX8, kamar a Galaxy Z Fold 3 ta 2021, harafin X yana nufin ba a yi maka alkawarin komai a kan ƙura ba. Da aka zo Fold 6 a 2024 sai aka rubuta IP48, mutane suka yi ta murna. Alhali 4 ɗin nan ma'anarta abu mai kaurin milimita ɗaya zuwa sama ba zai shiga ba. Milimita ɗaya! Wannan ai tsakuwa ce. Ƙurar da iska ke ɗebo mana daga sahara daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda take shiga cikin akwatin da aka kulle ta kwanta a kan shadda, ko kallon wannan lamba ba ta yi. Sai a 2025 Google ya fito da Pixel 10 Pro Fold mai IP68. Shekara shida ke nan kafin su yi maganin abin da kowace matar aure a Kano take sharewa sau biyu a rana.

Shi gilashin da ke cikin waya mai naɗewa kaurinsa wajen maikuron 30 ne, bai kai silin gashi ba, kuma roba ce aka shimfiɗa a samansa. Farce ma yana bar masa tabo. Duk da haka a Satumbar 2024 Huawei ya fito da Mate XT mai naɗewa gida uku, a kan yuwan 19,999. Hinji biyu, wato ƙofar ƙura biyu. Shi kuwa Royole, kamfanin Shenzhen da ya riga kowa fitar da waya mai naɗewa a 2018, ya durƙushe a 2024.

Malam Edita, bari in koma baya kaɗan, don matsalar ta wuce ta masu kuɗi. Lokacin da na fara sana'ar nan, waya gida-gida ce. In fuskar Nokia ta fashe, a tsaye za ka sayi sabuwar fuska ka maƙala da hannunka. Nokia 1100 ta 2003, mai tocila a ka, an yi madannanta da roba guda ɗaya don kada ƙura ta shiga, kuma an sayar da ita fiye da miliyan 200 a duniya. Har wayoyin shafa na farko, gilashin taɓi daban yake, sikirin daban. In na sama ya fashe sai a canza shi kaɗai da kuɗi kaɗan. Yanzu gilashi da tachi da sikirin an manne su da gam sun zama abu guda, an kuma manne su da jikin wayar. Kafin in kai ga batir sai na ɗora waya a kan faranti mai zafi, in bi gefenta da siririyar roba ina addu'a. Don me aka yi haka? Don waya ta rage kauri da abin da bai kai kaurin katin ATM biyu ba, sannan mai ita ya fito daga shago ya saya mata riga mai kauri.

Sannan sikirin ɗin kansa ya canza jinsi. Na da, LCD, fitila ce a baya tana haskawa, a gabanta kuma akwai ɗigo-ɗigo da suke buɗewa da rufewa kamar tagogi. Na yanzu, OLED, kowane ɗigo shi ne fitilar kansa. In ana son baƙi sai ɗigon ya mutu kawai, shi ya sa baƙinsa yake wuluk kuma yake lallaɓa batir. Wasu masana biyu na kamfanin Kodak, Ching Tang da Steven Van Slyke, su suka buɗe hanyarsa a 1987. Abu ne mai kyau, ina son kallonsa. Amma ba ya shiri da iska da danshi. Da zarar ya ɗan tsage a gefe sai ka ga baƙin tabo kamar tawada ta zube, yau kamar ƙwayar wake, jibi ya cinye rabin fuska. Kuma ɗigo masu launin shuɗi sun fi saurin tsufa. Masu POS da suke barin manhaja ɗaya a buɗe daga safe har dare sun san wannan: hoton manhajar sai ya zauna a sikirin kamar zanen da aka goge bai gogu ba. Samsung ya daina ƙera LCD baki ɗaya a 2022, ya bar wa kamfanonin Sin irin su BOE. Ke nan inda aka dosa a bayyane yake.

Ga kuma wani yayi da aka yi na lanƙwasa gefen gilashi, wanda ya yi tashe daga Galaxy S6 Edge a 2015, sauran kamfanoni suka bi sahu. A hoto kam ba a magana. A hannu kuwa, gefen da waya ta fi faɗuwa a kai shi aka mayar gilashi, sikirin gad ba ya zama, tafin hannu yana danna abin da ba a sa shi ba. Mun sha wahalar raba irin wannan gilashi da siririyar waya, in hannunka ya karkace kaɗan ka biya. A 2024 Samsung ya dawo da S24 Ultra shimfiɗaɗɗiya, aka ce wannan ma ci gaba ne. Shekara tara ana fasa kuɗin mutane kafin a dawo inda aka taso.

Yanzu in zo kan namu laifin, don “na shiga ban ɗauka ba” ba ta fid da ɓarawo. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, sikirin orijinal ya fi ƙarfin yawancin masu zuwa wurinmu. Sai kasuwa ta cika da kwafi, hawa-hawa. Mafi arha shi ne LCD da aka yanka daidai girman wayar da asalinta OLED ce. Yana kamawa, yana nuna hoto. Amma ya fi kauri har ya ɗan ɗago daga jiki, yana zuƙe batir, kuma in wayar mai karanta yatsa ce ta cikin sikirin, wannan ya tafi ke nan, don hasken ba ya ratsa fitilar baya. Wasu daga cikinmu suna gaya wa mai waya gaskiya ya zaɓa. Wasu kuwa su karɓi kuɗin orijinal su sa kwafi. Allah ya shirye mu.

Ni kaina na taɓa jin kunya a kan wannan. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi daga gida, tana saro kaya a Kantin Kwari ta WhatsApp, ta aiko ɗanta da waya. Yaron ya ce a sa mai sauƙi. Na sa, ban yi dogon bayani ba don layi ya yi yawa. Bayan sati biyu sai ga ta da kanta, da ƙunshin yadi a leda. An turo mata hoton leshi na ankon biki, ta gan shi ruwan hoda mai haske a wayarta, ta ce a yanko mata na mutum goma sha biyu. Da kaya suka iso sai ga shi ya fi kusa da ruwan goro. Mai shago ya nuna mata hoton a tasa wayar, launin daidai yake da yadin. Sikirin ɗin da na sa ne yake wanke launi, yana jan komai zuwa fari-fari da shuɗi. Ta ce, “Ɗana, da ka gaya mini ai da na ƙara kuɗin. Ni da ido nake ciniki.” Ban da abin cewa. Na canza mata ban karɓi ladan aiki ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma a ranar na cancanci fushin. Tun daga nan duk wanda ya zo sai na kunna masa guda biyu gefe da gefe, da hoto ɗaya, ya gani da idonsa.

Sai maganar rana. Kamfanoni yanzu suna gasar lambar haske, wannan ya ce 2,600, wancan ya ce 4,500. Abin da ba sa faɗa da ƙarfi shi ne wannan lamba ta ɗan ƙaramin wuri ce a sikirin, na ɗan lokaci. Kuma in waya ta yi zafi da kanta take rage haske don kada ta ƙone. To a Afrilu, da zafin Kano ya haura digiri 40, mai adaidaita ya maƙala waya a gaban gilashi, a lokacin da ya fi bukatar haske a lokacin take dusashewa. Za ka gan shi ya rufa mata hula yana leƙe kamar mai duba rijiya, don ya ga ko kuɗin fasinja sun shigo.

Akwai irin sikirin da rana ba ta dame shi ba, sai ma ƙara masa kyau da take yi, wanda Amazon ya sa a Kindle, na'urarsa ta karanta littattafai, tun 2007. Ƙananan ƙwayoyin fari da baƙi ne suke hawa da sauka, ba ya cin wuta sai lokacin juya shafi, caji ɗaya ya yi makonni. Ranar da na fara riƙe shi allon makarantarmu na tuna: a rubuta, a karanta a tsakar rana, a wanke, a sake rubutawa. Yana da nawa, bidiyo ba ya tafiya a kansa yadda ya kamata, mai launinsa ma a dushe yake. Amma ga ɗalibin da wuta ba ta zama a unguwarsu, ko dattijon da yake tilawa a waya har idonsa ya yi ruwa, wannan ya fi masa waya mai naɗewa amfani nesa ba kusa ba. Ban taɓa ganin an yi masa shafi guda a jaridunmu ba.

Sauran abubuwan baje koli ba zan ɓata maka tawada a kansu ba. LG ya yi talabijin mai naɗewa cikin akwati kamar tabarma, dala 100,000 a Amurka, ya kuma nuna waya mai miƙewa a farkon 2021, kafin shekarar ta ƙare ya bar sana'ar waya ɗungurungum. Apple ya fito da Vision Pro a Fabrairun 2024 a kan dala 3,499, ana ɗaura ta a fuska. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce AI Pin ta kamfanin Humane, ƴar na'ura da ake maƙalawa a riga tana haska rubutu a tafin hannu, aka ce ita za ta kashe waya. An sayar da ita dala 699 a 2024. A Fabrairun 2025 kamfanin HP ya sayi abin da ya rage na kamfanin, aka kashe kwamfutocin da take dogara da su, duk wanda ya saya ya wayi gari da maɓallin riga mai tsada. Wannan ko ni da kayan aikina ba abin da zan iya yi mata, don ranta ba a jikinta yake ba.

Kada a ce ina gaba da sabon abu. Fitilar LED mai shuɗi da masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samu kyautar Nobel a kanta a 2014, ita ce a bayan sikirin ɗin LCD, ita ce kuma a ƙwan sola da ya kori aci-bal-bal daga teburin mai shayi. Wannan ci gaba ne da ya iso har ƙauyenmu. Haka kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya kama kusan rabin kasuwar wayar Afirka saboda ya tsaya ya kalli yadda muke rayuwa: layi biyu saboda sabis ba shi da tabbas, babban batir saboda wuta, kyamara mai fitar da baƙar fata yadda take. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ma dai ya shiga yayin naɗewa da Phantom V Fold a 2023. Ina fata mutanen da suka tuna da launin fatarmu za su tuna da ƙurarmu.

Turai ma sun fara gajiya. Daga 20 ga Yunin 2025, duk wayar da za a saka a kasuwar Tarayyar Turai dole kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyaranta har shekara 7 bayan an daina sayar da ita, batir ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma a manna takarda mai nuna sauƙin gyaranta daga A zuwa E. Faransa ta fara irin wannan maki tun 2021. Dalilin dokar a fili yake. A 2021, in mai gyara irina ya canza sikirin ɗin iPhone 13, ko da orijinal ne daga wata iPhone ɗin, sai gane fuska ya daina aiki, har sai da aka yi ca kafin Apple ya janye. Mu nan duk wayar da za a shigo da ita bisa ƙa'ida sai hukumar sadarwa ta NCC ta amince da samfurinta. Me zai hana a ƙara tambaya ɗaya a takardar: ina sikirin da batir ɗinta, a wane gari, kuma har shekara nawa? Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ita ma tana da abin cewa a nan, har da a kan masu sayar da kwafi da sunan orijinal, ko da a layinmu suke.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in an sake turo muku hoton sabuwar na'ura, kafin a buga a aiko wakilinku wurinmu, ko Beirut Road, ko kowace kasuwar waya da ke kusa da ku. Ya tambayi nawa ne sikirin ɗinta in ya fashe, ya tambayi lambar farko ta IP, ya fita da ita tsakar rana ya gwada karanta saƙo. Shayinsa a wuyana.

Wayar Alhaji kuwa tana nan a durowata ta ƙasa, a naɗe cikin leda da sunansa a jiki. Ya ce in ajiye sai dala ta sauko. Ranar da ya bar ta ya tsallaka layi ya sayi ƙaramar mai madannai, wadda samari suke kira rakani-kashi, a yi mini afuwa, da wata ta shafa mai matsakaicin kuɗi don WhatsApp. Duk Juma'a in ya biyo ta kasuwa yakan leƙo ya ce, “Yaro, ya jikin mara lafiyar?” In ce da sauƙi, ranka ya daɗe.

Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran waya,
Kasuwar Farm Centre, Kano.